Tafiyar Ƙasa Ba Talauci Ba Ce

A gida Illela na yi hutun zangon karatun da ya gabata. Ranar Lahadi, da kasuwarmu take ci, kawuna ya ce in raka shi kara ya taya raguna. Na ciro makullin mota, sai ya dube ni ya ce, "Dakta, ƙafafun naka aro ka bayar?" Kunya ta kama ni, muka taka. Kafin mu isa, ni mai shekara arba'in da 'yan kai ina haki, shi kuwa da ya haura saba'in yana tafe yana gaisawa da jama'a, ko gezau.

Abin bai zo mini da mamaki ba. Watanni kaɗan kafin nan likita a Sakkwato ya shaida mini cewa hawan jini ya fara kama ni. Na sayi takalmin gudu, na yi mako biyu ina fita, daga nan na watsar. Wunina kuwa bai sauya ba: daga kujerar mota zuwa ta ofis, daga duba takardun jarrabawa zuwa gaban kwamfuta.

Kawu bai taɓa ware lokacin motsa jiki ba. Rayuwarsa ce motsin: gona, kasuwa, masallaci sau biyar, gaisuwar 'yan uwa. Haka muka taso mu ma, muna ɗebo ruwa, muna bin iyaye fadamar Kalmalo, muna ganin masu takawa har Birnin Kwanni su dawo. Yau yaro ba ya zuwa aike bayan layi sai a kan kabu-kabu.

Kimiyya tana bayan kawu. A 1953, likita Jeremy Morris da abokan aikinsa sun gano cewa direbobin bas na Landan, masu wuni a zaune, sun fi kwandastocinsu masu hawa da saukar bene kamuwa da ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a jagorarta ta 2020, ta shawarci baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, har da na aikin gida da tafiyar ƙasa. Minti 30 a kwana biyar ya cika mafi ƙarancin adadin.

Babban cikas a wurinmu 'yan boko shi ne ido. Mun mayar da tafiyar ƙasa alamar rashi. Makon farko da na fara ajiye mota nesa da ofis, sai da wani ɗalibina ya tsaya da babur ya ce, "Malam, lafiya? Ko mota ce ta lalace?" Na gode masa, na ci gaba da tafiyata.

Ban raina uzurin zafi ba, domin wanda ya san ranar Afrilu a ƙasar Sakkwato ba zai aiki kowa yawo da tsakar rana ba. Amma akwai sanyin bayan asuba, akwai bayan la'asar. Yanzu da ƙafa nake zuwa masallaci da cefane, ni nake wanke motata, a tsaye nake koyarwa. Maganin likita ban daina sha ba, amma numfashina ya daidaita, barcina ya yi nauyi, na kuma san maƙwabtan da a da sai dai in ɗaga musu hannu ta gilashi.

Da hutu mai zuwa, in Allah ya kai mu, ni zan ce wa kawu ya tashi mu tafi kara.