SHAIHU UMAR: DAGA LITTAFI ZUWA MAJIGI

Duk wanda ya karanta littafi yana yaro, sa'an nan aka ce masa an mai da littafin nan fim, to, da wuya ya shiga gidan sinima da zuciya ɗaya. Rabinsa ɗan kallo ne, rabinsa kuwa alƙali. Ya riga ya san fuskar kowane mutum na cikin labarin, domin shi ya ƙera ta da kansa tun yana aji huɗu, ga shi kuma yanzu wani ya zo da tasa fuskar ya ce ita ce ta gaskiya.

A ƙasar Hausa babu littafin da ya sha wannan shari'a kamar Shaihu Umar. Marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi a 1933, sa'ad da yake malamin makaranta a Bauchi, domin gasar ƙaga labarai wadda Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East. Gasar nan ce ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Bayan shekara arba'in Malam Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da labarin wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. A 1976 Alhaji Adamu Halilu ya mai da shi fim, Umaru Ladan ɗin nan kuwa shi ya fito a matsayin Shaihu.

Abin lura na farko shi ne tsawo. Galibi kukan masu karatu shi ne an datse musu littafi, an zubar da rabi. Nan kuwa akasin haka ne. Littafin ɗan ƙarami ne, mai himma ya karance shi tsakanin azahar da la'asar, amma fim ɗin ya kai awa biyu da minti 22. Watau aikin da ke gaban Adamu Halilu ƙari ne, ƙari kuwa ya fi ragi hatsari, domin wanda ya rage ya yi shiru ne kawai, wanda ya ƙara kuwa ya sa wa marubuci magana a baka.

To, me ake nufi da riƙe amanar littafi irin wannan? Waɗansu kan zauna da lissafi: an nuna yadda fadawa suka ƙulla wa Makau sharri har sarki ya kore shi? An nuna satar yaron, da kai shi Kano, da yadda Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ɗa? An nuna mafarkin da ya tayar da shi neman mahaifiyarsa? Wannan lissafin dillalai ne. Ana iya jera abubuwan nan duka daki-daki, amma a kashe littafin murus.

Ran Shaihu Umar yana cikin murya. Dattijo ne zaune a Rauta, almajirai sun kewaye shi, ɗaya ya tambaye shi asalinsa, shi kuma ya shiga ba da labari. Labarin kuwa mai ɗaci ne ƙwarai: hari, da sayar da 'ya'yan mutane, da uwa wadda ta bar gida neman ɗanta har ita ma aka yaudare ta aka sayar, ta ƙetare hamada cikin bauta, ba ta gan shi ba sai dab da ajalinta. Amma duk wannan Shaihu ya faɗe shi ba tare da ya ɗaga murya ba, ba ƙorafi, ba zagin kowa. Wannan natsuwa ita ke sa tsigar jikin mai karatu ta tashi. Ana kuwa iya yi wa marubucin ƙorafi a kanta, an ma yi, cewa ya wuce ta gaban kasuwar bayi bai tsaya ya tsine mata ba.

Na'urar ɗaukar hoto ba ta da irin wannan haƙuri. Abin da alƙalami ya wuce da jimla guda, ita dole ta tsaya ta nuna shi, da igiyarsa da ƙurarsa da hawayensa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a nan ji ɗin shi ne dukiyar, in an kore shi me ya rage? Hikimar Adamu Halilu ita ce bai kore shi ba. Ya buɗe fim ɗinsa inda littafin ya buɗe, a zauren malam da almajiransa, domin mai kallo ya san cewa duk masifar da zai gani daga bakin wanda ya sha ta ya rayu take fitowa. Da ya yar da zauren nan ya fara da dawaki da harbe-harbe, da 'yan kallo sun fi yin tafi, da kuma ba Shaihu Umar suka kalla ba.

Akwai wani abu da ya ƙara wa amanar nauyi. A 1970 an yi fim da wasan Wole Soyinka mai suna Kongi's Harvest. Shi ya rubuta tsarin fim ɗin, shi ya fito a matsayin Kongi, amma da ya ga abin da aka fitar sai ya fito fili ya ce ba ruwansa da shi. Yana da rai, yana da bakin magana. Abubakar kuwa an kashe shi tun watan Janairu na 1966, shekara goma kafin a ɗauki fim ɗin. Dukiyar maraya aka ba Adamu Halilu ajiya, babu mai zuwa ya tuhume shi in ya ci.

Shi bai ci ba. Inda aka gaza wani wuri ne dabam. An nuna fim ɗin a bikin FESTAC na 1977 a Legas, daga baya sai ya ɓace, har aka fid da rai da shi. Littafin yana ta yawo hannun 'yan makaranta, ana sake bugawa, fim ɗin kuwa yana kulle cikin gwangwanaye yana shan ƙura. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wata cibiya ta Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Yaran da suka karanta littafin a shekarar da aka ɗauki fim ɗin, a lokacin sun yi furfura.