Daga injin gari zuwa wutar ƙasa

Kafin 1950 babu abin da ake kira wutar ƙasa a Najeriya. Kowane babban gari da injinsa. A Kano da Katsina En'e ce ke riƙe da wuta, a Filato kuma kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, yana ba masu haƙar kuza lantarki daga ruwan Kurra. Idan injin Katsina ya tsaya, Bakano bai ma san an yi ba. Amma wutar kaɗan ce, ga tsada, kuma mafi yawan unguwanni da fitilar aci-balbal suke kwana.

Shi ya sa ban ga laifin injiniyoyin da suka zaɓi haɗe wutar garuruwa ba. Ruwan Kwara a wuri ɗaya yake, masu buƙata kuwa suna ko'ina. Aka kafa hukumar lantarki ta ECN, aka gama dam ɗin Kainji a 1968, sannan a 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun kogin Kwara, NEPA ta fito. Masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai sun sha moriyar wannan shawara, har Yamai wayar ta kai.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka bar ƙananan tashoshin garuruwa suka mutu, aka rataya Arewa a kan manyan layuka 'yan ƙalilan. Injinan da ke kan layi ɗaya dole su yi juyi da sauri iri ɗaya. Babbar tasha na faɗuwa, nauyin ya koma kan sauran, su ma su kashe kansu don kada su ƙone, ma'aikatan cibiyar kula da wutar ƙasa da ke Osogbo su shiga tayar da ƙasa daga farko. A Oktoban 2024, layin Shiroro zuwa Kaduna yana lalace, wanda ke bi ta Makurɗi ya katse, jihohin Arewa suka fi mako guda cikin duhu, masu walda da masu ƙanƙara suna zaune hannu rabbana.

Dokar 2005 ta raba NEPA gida 18, aka sayar da mafi yawansu a 2013. Kamfanoni aka raba, manyan layukan suna nan a hannun kamfanin TCN kaɗai, kuma ba a gina su yadda kowane yanki zai ware ya tsaya da ƙafarsa ba idan sauran suka faɗi. Sai a 2023 doka ta ba jihohi ikon samar da wutarsu da rarraba ta.