Kiɗan da Aka Hana Ƙofa Ya Shigo ta Iska

Jama'a, mu da muka tashi a ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara mun san rediyo tun kafin mu san allon makaranta. Ga ta rataye a reshe a gonar rake, ga ta a teburin mai shayi. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar yadda kiɗa ya sami shiga cikin wannan akwati, da abin da shigar tasa ta jawo.

Da farko dai rediyo gwaji ce ta masu haɗa wayoyi. A shekarar 1919 wani injiniya mai suna Frank Conrad, a kusa da birnin Pittsburgh na Amurka, ya riƙa watsa murya daga garejin gidansa. Da ya gaji da surutu sai ya kanga faifan garmaho a gaban makirufo. Nan da nan masu saurare suka shiga aiko masa da wasiƙu, kowa da waƙar da yake so. Wannan ne ya kai ga buɗe tashar KDKA a 1920. Ashe zaɓin waƙa ya girmi gidan rediyon kansa.

A daidai wannan lokaci kiɗan jaz na baƙaƙen fatar Amurka yake tashe, amma manyan gari na yi masa kallon kiɗan 'yan mashaya. A ƙarshen 1927 Duke Ellington ya fara wasa a Cotton Club da ke unguwar Harlem, gidan rawar da baƙar fata ke kiɗa a cikinsa amma ba a barinsa ya zauna ya yi kallo. Sai aka jawo waya daga dandalin zuwa gidan rediyo. Mai gadi yana iya tare mutum a bakin ƙofa, amma ina zai tare iska? Kiɗan ya shiga ɗakunan waɗanda ba za su yarda makaɗin ya taka zaurensu ba.

To, ai mu ma haka aka yi da mu. Rediyon farko a ƙasar nan ta waya ce, ana jawo ta zuwa wani akwati a bango, mutum yana biyan kuɗin wata. Ta iso Kano a 1944, sannan Rediyon Kaduna ta fara aiki a 1962. Kowa ya san matsayin da al'ada ta ba maroƙi. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa barin mai kalangu ya tsaya a ƙofar gidanmu ba, amma in aka sako Mamman Shata ko kuntigin Ɗanmaraya Jos, shi da kansa yake ƙara murya, har ya tsawata wa mai motsi.

Abin mamaki, jaz ɗin ma ya biyo sawu har ƙofar gidanmu. Daga 1981 zuwa 1985 fitaccen mabushin nan Yusef Lateef ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana nazarin sarewar Fulani. Mutum ya ƙetaro teku saboda abin da muke wucewa a bakin burtali ba ma ko waiwaye. Na tambayi ɗalibaina na aji shida sunan mai busa sarewa ko ɗaya a garinsu, aji ya yi tsit.

Nan ne damuwata take, 'yan uwana marubuta. Wanda rediyo ta ɗauka ya tsira, ko da yake faifai ma yana lalacewa. Makaɗan noma da na 'yan dambe da zabiyoyin ƙauyukanmu waɗanda makirufo bai kai gare su ba, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da abin da ke kansu. Tsofaffin da suka ga ranar da akwatin farko ya yi magana a garinsu, su ma saura ƙalilan. Mu ɗauki biro da takarda mu je mu zauna a gabansu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah Ya sa mu dace, amin.