Cuta ma tana da taswira

Mu da muke karatun digiri na biyu a fannin labarin ƙasa mun saba da tambaya ɗaya daga ƙannenmu na sakandare: bayan haddace sunayen koguna da manyan birane, me kuma ya rage a wannan darasi? Amsarmu ita ce, da shi muke bin sawun cututtuka.

Cuta ba ta faɗa wa mutane da ka. Tana da inda take so, tana da lokacinta. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa a Landan. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen da aka yi rashi yana sa musu alama a taswira, sai ga alamun sun taru kewaye da famfon ruwa guda. Aka cire hannun famfon. Wannan shi ne labarin da ya ja yawancinmu zuwa wannan fanni.

Da muka waiwayi gida, muka tarar da irin wannan aiki yana jiranmu. Sanƙarau ya fi yin ɓarna a wani zirin ƙasa da ya taso daga Senegal har Habasha, kuma Arewacin Najeriya da Nijar suna tsakiyarsa. Yakan taso da rani, lokacin da ƙura da busasshiyar iska ke raunata hanci da maƙogwaro, ya tsananta da zafin bazara, ya lafa da saukar damina. A 1996 ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000. Wanda ya san wannan ziri da wannan lokaci ya san inda za a kai allurar rigakafi kafin a fara kuka.

Haka tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma ne a jikin ƙananan katantanwa da ke son ruwa mai kwanciya, irin na kududdufi da magudanan noman rani. Yaro ya shiga wanka, ta huda fatarsa, bayan makonni ya fara fitsarin jini. Dam da ya kawo shinkafa da tumatir zai iya kawo wannan ma, idan ba a sa ido ba.

Aikinmu shi ne haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da bayanan ruwan sama da rajistar asibitoci, mu fitar da taswirar da ma'aikacin lafiya zai riƙe ya san ƙauyen da zai fara zuwa. Magani ba ya isa kowa lokaci guda, don haka tilas wani ya nuna inda buƙata ta fi.

Ƙannenmu, kada ku yar da labarin ƙasa don an ce muku ba ya kai mutum asibiti. Ku haɗa shi da lissafi da ilimin halittu, ku koyi kwamfuta. Ku fara da unguwarku: ku zana inda rijiyoyi suke, da kwatoci, da kududdufai, sannan ku lura da gidajen da zazzaɓi ya fi ziyarta a watan Agusta.