Zuwa Abijan da ɗan guzuri

Kowace shekara, in an ƙare girbi an rufe rumbu, samarin Adar da Gobir da Arewa suna kama hanyar kurmi, wurin biɗa. Wasu su tsaya Kwatano, wasu Lome ko Akara, da yawa kuma sai Abijan. Ga labarin wani manomin albasa na wani ƙauye cikin ƙasar Madawa. Shi ba kuɗi ya tafi biɗa ba. Ɗansa ya tafi nema.

Yaron ya yi shekara 4 a Abijan. Da farko yana aiko da kuɗi da gaisuwa. Daga baya lambar wayarsa ta daina shiga. Ya bar mata da ɗiya ƙarama a gida. Iyayen matar suka zo suka ce ma dattijon:

— Malam, mun yi haƙuri. In damina ta faɗi babu shi babu labarinsa, za mu je gaban alƙali.

Tun shekarar 2020 iyakokin Kodibuwar na ƙasa suke rufe saboda ciwon korona. Cikin watan Fabrairu na 2023 aka buɗe su. Da dattijon ya ji a rediyo, sai ya saida albasa da rago guda. Ya haɗa jika 180.

Yadda ya raba kuɗinsa

Mutumin ya yi rani 2 a makarantar yaƙi da jahilci. Ya iya karatu da lissafi. Ya sayi ɗan littafi da biro. Ya raba kuɗin kashi 3: jika 60 na zuwa, jika 60 na zama, jika 60 na komowa. Na komowa matarsa ta ɗunke mishi su cikin ƙugun wando. Ta ce:

— Maigida, waɗannan ko yunwa za ta kashe ka, kada ka taɓa su.

Ya ɗauki katinsa na ɗan ƙasa. Ya je asibiti aka yi mishi rigakafin zazzaɓin shawara, aka ba shi takardar. Ya ɗaure garin rogo da ƙuli-ƙuli da sukari da dabino cikin buhu. Ya rubuta sunan wani ɗan garinsu mai saida albasa a Ajame, da lambar wayarsa, a wuri 2: cikin littafi da cikin hula.

Hanya

Farkon watan Maris na 2023 ya shiga mota. Suka bi Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, suka sauka Gaya. Suka ƙetare gadar kogin Isa suka shiga Malanbil, ƙasar Benin. Daga nan Paraku, Kwatano, Lome, Akara, har iyakar Nowe. Iyaka 4 ke nan, kwana 3 a zaune. A kowace iyaka ana sauka, a nuna takardu. Waɗanda ba su da takardar rigakafi aka ware su gefe, suka ɓata lokaci, suka kashe kuɗi. Shi aka duba tasa aka ce ya wuce.

Benin da Togo da Kodibuwar duk sefa ake kashewa, kamar Nijar. Gana kaɗai ke da kuɗinta daban, sidi. Waɗanda suka sayi abinci a can sun yi canji, mai canji ya ci nasa. Dattijon ya jiƙa garinsa ya sha. Jika 60 ɗin nan suka kai shi daidai.

Garin da ruwa ya raba

Abijan ba a ganin ƙarshenta. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen yankinta sun wuce miliyan 6. Ita ce babban birnin ƙasar daga 1934 har 1983, lokacin da aka maida fadar mulki Yamusukuro. Amma kasuwa da masana'antu da tashar jiragen ruwa duk suna nan Abijan.

Wani babban tabki mai suna Ebiriye ya ratsa tsakiyar garin. A 1950 aka ƙare haƙa hanyar ruwa ta Biridi, wadda ta haɗa tabkin da teku. Tun daga nan manyan jirage ke shigowa har cikin gari. Wannan shi ya kawo arziki, shi ya kawo baƙi. Arewacin ruwa akwai Ajame, Abobo, Yopugon, Kokodi da Filato. Kudancin ruwa akwai Tareshbil, Markori, Kumasi da Por-Buwe. A lura, wannan Kumasi unguwa ce ta Abijan, ba Kumasin Gana ba ce. An buɗe babbar gada tsakanin Filato da Tareshbil a 1957, ta biyu a 1967, ta uku kuma tsakanin Kokodi da Markori a 2014.

A Ajame motarsu ta tsaya. Tasha ce mai cinkoso. Yara suka taso, wannan ya ja buhu, wancan ya ja hannu. Baƙo ko da ido makaho ne. Dattijon ya ruɗe. Wani ya tura shi cikin taksi mai launin lemo, irin wadda mutum ke ɗauka shi kaɗai. Direban ya yi ta yawo da shi. Da suka tsaya ya karɓi jika 4. Ashe wurin mai masaukinsa tafiyar ƙafa ce daga tasha.

Da dare ya rubuta cikin littafi: taksi, jika 4. Ya daɗe yana kallon lambar. Mai masauki ya yi dariya ya ce:

— Baba, ka biya kuɗin makaranta. Gobe zan nuna maka yadda talaka ke yawo a garin nan.

Wurin kwana da abinci

Ɗaki guda ne, mutum 8 ke kwana ciki, duk ƴan ƙasa ɗaya. Masu gadi suna fita da dare, masu talla suna fita da safe, tabarma ba ta hucewa. Ba su karɓi kuɗin ɗaki daga hannunsa ba, don baƙo ne kuma uba ne. Amma ruwan wanka saye ake, ban ɗaki ma biya ake. Ga zafi mai gumi, ga sauro. Mai zuwa Abijan ya tafi da gidan sauronsa.

Abincin talaka a nan sunansa garba. Aceke ne, wato rogo da aka tsima aka turara kamar dambu, da soyayyen kifin teku da ake ce ma ton, da albasa da tattasai da tumatir. Mutanen garin da kansu suna cewa ƴan Nijar ne suka yaɗa saida shi, shi ya sa ya ci sunan Garba. Har yau da yawa cikin masu rumfunan garba Hausa ko Zabarmanci suke ji. Kwano guda da hantsi yana riƙe mutum har la'asar. Da safe dattijon yana shan shayi da burodi wurin wani ɗan Tawa, da dare ya jiƙa gari.

Ba ya jin Faransanci, amma ciniki bai gagare shi ba. A kasuwa Julanci ake ji, kuma Julawa ma da dala suke lissafi, suna ce mata dorome. In magana ta ƙi, sai ya rubuta lamba cikin littafi ya nuna.

A kasuwar Guro ta Ajame ya ga albasar Galmi, buhu kan buhu. Ya ɗauki guda ya sansana. Ya tambayi kuɗin buhu, ya tuna yadda ya saida nasa a bakin garka. Ya yi shiru. Mai masauki ya ce mishi kuɗin kamiyo da duwan da dillalai da wadda ta ruɓe a hanya duk suna cikin wannan bambanci. Dattijon ya rubuta kuɗin, don ya nuna ma ƴan ƙungiyarsu ta manoma.

Motocin talaka

Akwai manyan bas na kamfanin SOTRA, wanda aka kafa a 1960. Kowace bas da lambarta a goshi. Wanda ya iya karanta lamba ba ya ɓata. Akwai gbaka, ƙananan bas masu yaron mota yana rataye a ƙofa yana kiran unguwa. Akwai woro-woro, taksin haɗaka. Woro da Julanci shida ne, don a da dala shida ake biya. Kowace unguwa da launin nata: na Yopugon shuɗi, na Kokodi ruwan ɗorawa. Akwai kuma jiragen ruwa masu ɗaukar mutane a kan tabki. Suna da sauƙin kuɗi, kuma babu cunkoson hanya.

Dokoki 3 mai masauki ya ba shi. A tambayi kuɗin mota kafin a shiga. A tanadi canji, don yaron gbaka ba ya son babbar takarda. Kada a fiddo waya ko kuɗi a bakin taga.

Neman yaro

Matambayi ba ya ɓata. A Abijan kowane gari na Nijar yana da dattijonsa da wurin zaman mutanensa. Nan aka fara. Aka ce an taɓa ganin yaron yana tura amalanke a Tareshbil. Suka je, aka ce ya tashi. Ran Juma'a suka bi masallaci, suka tsaya bakin ƙofa suna duba fuskoki. Aka tura su Por-Buwe, wajen babbar mahauta, inda Fulani da Buzaye da Hausawa masu dabbobi suke. Babu shi.

Tun da sun zo Por-Buwe, mai masauki ya kai shi bakin teku. Kallo kyauta ne. Ruwa har inda ido ya tsaya, yana tasowa kamar bango yana faɗuwa da ƙugi. Aka gargaɗe shi kada ya shiga, don igiyar wurin tana janye har gwanayen iyo. Ya ɗanɗana, ya ji gishiri. Ya cika ƴar kwalba. Wata rana kuma suka taka Filato da ƙafa, ya ɗaga kai yana ƙirga benaye har hularsa ta faɗi. Bai sayi ko ruwa a can ba, don kuɗin Filato ba na manomi ba ne.

Rana ta 9 wani mai shayi ya ce akwai wani ɗan Madawa da ke suyar kifi a wata rumfar garba ta Yopugon. Suka shiga jirgin ruwa suka ƙetare. Dattijon ya hango shi daga nesa, ya rame, yana juya kifi cikin mai. Ya yi sallama. Yaron ya ɗago kai, matsami ya faɗi daga hannunsa. Ya durƙusa.

— Baba! Kai ne? Lafiya? Inna fa?

— Tana nan da rai. Tashi. Me muka yi maka?

Yaron ya yi kuka. Ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi wata da watanni. Ya saida amalanken ya sayi magani, ya ci bashi. An sace wayarsa, kuma duk lambobin gida suna cikinta, ko guda bai rubuta ba, don bai iya rubutu ba.

— To ba ka ga mai zuwa gida ba, ka ba shi saƙo?

— Baba, kunya na ji. Abokaina sun koma da babur da kwanon rufi. Ni in aika in ce me?

Dattijon ya ce:

— Gona ba ta tambayar abin da ka kawo. Ɗiyarka tana magana, ba ta san fuskarka ba. Surukanka sun ba mu zuwa damina.

Lissafi

Da dare suka buɗe littafi. Cikin kwana 12 dattijon ya kashe jika 26, har da na taksin nan. Saura jika 34. Da niyyarsa ya je Anyama, garin goro da ke arewa da Abijan, ya sayi goro da turmin zane na tsaraba. Ya fasa. Yaron ya riga ya biya bashinsa, abin da ya rage mishi jika 11 ne. Aka haɗa, 45. Ƴan garinsu suka zauna, kowa ya sa abin da ya samu, suka tara jika 15. Kuɗin mutum guda ya cika, 60. Sannan dattijon ya farke ƙugun wando ya fiddo nasa.

Sun iso gida kafin azumi. Tsarabarsu kwalbar ruwan teku ce da ƙullin busasshen aceke. Yara suka yi ta lasar ruwan suna yamutsa fuska. Washegari dattijon ya ɗauki ɗansa suka je gaida surukai. Maganar alƙali ta mutu.

Abin da ya sauya

Mai niyyar tafiya ya sani, abubuwa sun sauya bayan wannan labari. Daga ƙarshen watan Yuli na 2023 aka rufe gadar Gaya ga motoci. A watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar CEDEAO. Don haka a tambayi hanya da kuɗinta da takardun da ake bukata a tasha da wurin hukuma, kafin a saida ko akuya. A Abijan an ƙara gadoji 2, a 2023 da 2024. A 2024 kuma hukumar birnin ta rushe wasu unguwannin talakawa, ta hana bara da tura amalanke da talla a kan manyan hanyoyi. Sana'o'in da baƙo ke fara kamawa sun ƙara wuya.

Wanda tafiya ta kama shi dole, ya ware kuɗin komowa tun daga gida. Ya san sunan mai masaukinsa kafin ya tashi. Ya guji watan Yuni, lokacin ruwa mai yawa da ambaliya a Abijan. Ya rubuta lambobin gida a takarda, kada ya dogara ga waya kaɗai. In ya samu ya aiko, in bai samu ba ma ya aiko da labari.

Da rani ya zagayo aka buɗe makarantar yaƙi da jahilci ta ƙauyen, yaron yana cikin waɗanda suka fara rubuta suna. Littafin ubansa ya zo da shi, don akwai sauran shafi.