Kar ka raina ƙarar da ƙafar motarka ke yi

Ɗan uwa, motar da kake gani a titi tayar gabanta ta kwanta ta shige ciki, galibi bol joyin ne ya fice. Kuma ba rana ɗaya abin ke faruwa ba, sai da ƙafar ta yi ta "ƙwas-ƙwas" mai motar yana ƙara sautin rediyo.

A manyan motoci irin su tirela, ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin gaba biyu, in ɗaya ta faɗa rami ɗayar ma sai ta ji. A ƙananan motoci kuwa kowace taya da ƙafarta, tana hawa da sauka ita kaɗai. Corolla da Golf suna amfani da tsarin MacPherson: shokabzoba a cikin sifirin, sai lowa am a ƙasa. Hilux ta yanzu kuma hannu biyu gare ta, sama da ƙasa. Sifirin ke ɗaukar nauyi, shok ke hana mota rawa, bushin roba ce mai shanye jijjiga, bol joyin kuwa gaɓa ce da ke riƙe taya tana juyawa.

Ni abin da ke damuna, da an ji ƙara sai a ce shok ne, a kashe kuɗi, ƙarar tana nan. Kafin ka je gareji gwada wannan. Danna gaban motar da ƙarfi ka saki. In ta ci gaba da lilo, shok ya mutu. Ɗaga ta da jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In tana motsi, zargi bol joyin ko boris. In hagu da dama ne, duba tayirod. Leƙa robar da ta rufe bol joyin, domin da ta yage ƙura za ta shiga ta cinye giris.

Shok kuwa a canza biyun tare, sannan a yi alaimen, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe ɗaya. Kada ka kwance sifirin da kanka ba tare da abin matse shi ba, wallahi yana iya karya mutum. Ka bar wa mai gyaran ƙafa aikinsa, amma ka ce ya nuna maka abin da ya lalace da idonka.

Kuɗin bol joyin bai kai na asibiti ba. Allah ya tsare mana hanya.