Kafanchan: Inda Ake Koyon Faɗa Daga Ƙafa

Jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan. A 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna a nan, ma'aikata suka yi ta kwararowa ƙasar Fantswam, har garin ya zama mahaɗar ƙabilu. Yau Bajju da Atyap da Ham da Fulani da Ibo, Hausa ce ke haɗa su a kasuwa. Duwatsun Kagoro da buhunan citta su ne ke fara ɗaukar idon baƙo, amma ni da na taho daga Kano, wasu samari da 'yan mata ne suka tsayar da ni a filin wata firamare da sanyin safiya. Takwando suke koya, sai dai babu wanda ya kai wa wani duka.

Malaminsu ya zana tsani a ƙasa da toka. Yara suna bi ɗaya bayan ɗaya, ba takalmi, a kan yatsun ƙafa, dunduniya ba ta taɓa ƙasa. Shiga biyu, fita biyu, a zame gefe, a dawo. Daga nan aka tsaya biyu-biyu: idan wannan ya matso taku ɗaya, wancan ya ja taku ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaru ba ta ragu. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyi a rabe tsakanin ƙafafu. Duk wanda ya harɗe ƙafa ko ya taka tokar, sai ya koma farkon layi.

Wani ɗan ƙarami da gumi ya jiƙe masa riga ya ce, "Malam, don Allah yaushe za mu fara shuri?"

Malamin ya dafa kafaɗarsa. "Ɗana, wanda bai iya tsayuwa ba, da me zai yi shurin? Koma ka sake."

Wannan amsa ta kai ni gidajen dambenmu. 'Yan kallo kan zuba wa hannun da aka naɗe da kara ido, ana jiran a ji tim. Alhali kisa ba ya tabbata sai hannu ko gwiwar ɗan dambe ta taɓa ƙasa, kuma a turmi ukun da ake yi wanda ƙafarsa ta fara yaudararsa shi ke faɗuwa. Gwanayen da suka yi suna a ɓangarorin dambe na Kudu da Arewa da Guramada sun san haka, sai dai da yawansu a cikin fili suka koya, bayan sun sha naushi. A Kafanchan kuwa darasi ne da ake warewa lokaci. Irin wannan horo ne ginshiƙin wasan da Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya lambar tagulla a cikinsa a gasar Olamfik ta Beijin a 2008.

Akwai abin da ya fi lamba. Garin nan ya ga rikici a 1987, ya sake gani a 2011. Don haka ba ƙaramin abu ba ne a ga yaron da ya fito daga masallaci da wanda zai wuce coci suna fuskantar juna, kowa yana kiyaye tazarar ɗan'uwansa, suna koyon cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Yaron da ƙafarsa ta saba da jiran lokaci, zuciyarsa ma takan koyi haƙuri.

Kirana ga masu hali da shugabannin ƙaramar hukumar Jema'a shi ne su samar wa irin waɗannan yara shimfiɗar atisaye da rumfar da za ta kare su daga ruwan damina. Iyayen gidan dambe na Kano su ma, don Allah ku koya wa yaranku taku kafin ku naɗa musu kara.